«Pastafarien»: asali da ma'anar sunan mabiya wani addinin ba'a

0. Gabatarwa

Kalmar da wannan ɗan aiki ya shafa yarinya ce, domin a shekarar 2005 ta bazu. Amma in aka bi sawunta baya, sai a tarar ta biyo ta fadar Habasha, ta unguwannin talakawan Kingston, ta kuma zauren hukumar ilimi ta wata jiha a tsakiyar Amurka. Tsakanin 2011 da 2021 kuwa ta shiga ofisoshin gwamnati da kotunan ƙasashe da dama, inda aka yi ta jayayya a kan abin da take nufi. Kalmar ita ce «Pastafarian» a Ingilishi, «pastafarien» a Faransanci, watau sunan da mabiya «Dodon Taliya Mai Tashi Sama» suke kiran kansu da shi.

Abin da muke son nunawa ɗaya ne. Wasan da ke cikin wannan kalma bai yiwu ba sai da wasu mutane, tun kafin a haifi masu wasan, suka yanka wani sunan Amharanci a inda ba gaɓarsa ba. Wannan yanka ne ya haifi «Rasta», ita kuma «Rasta» ta buɗe wa «pasta» ƙofa. Saboda haka kalmar tana sanye da rigar aro, masu rigar kuwa suna nan da ransu. Ba mu zo tallar wannan ƙungiya ba, ba mu kuma zo yi mata hukunci ba. Kalma muke bi, kamar yadda mai nazarin harshe yake bin kalmar zagi ba tare da ya zagi kowa ba.

1. Me ya sa «ba'a»?

Faransawa na cewa religion parodique. Hausa ba ta rasa kalmomi a wannan fage ba, sai dai kowace da inda ta karkata. Zambo yana da wanda ake nufi, kuma ba a ɓoye shi. Habaici yana sakaya sunan. Gatse faɗin magana ne da nufin kishiyarta. Kwaikwayo kuwa bai wajabta dariya ba, tun da almajiri ma yana kwaikwayon malaminsa don ya zama kamarsa. Mun zaɓi «ba'a» don ita ce ta haɗa kwaikwayo da nufin rage wa abin da ake kwaikwaya kwarjini.

Abin da ya fi kusa da wannan dabara a al'adarmu shi ne sana'ar ƴan kama, wadda C. G. B. Gidley ya yi nazarinta a 1967. Ɗan kama yakan ɗauki sananniyar waƙa, ko salon karatun malamai, ya bar karin yadda yake, ya kwashe maganar da ke ciki ya zuba zancen tuwo da miya da nama. A riƙe siffa, a musanya cikinta da abinci: wannan ita ce dabarar da za mu sake gani a Amurka. Bambancin shi ne, ɗan kama in ya gama wasa yakan karɓi kyautarsa ya tafi gida. Bai taɓa zuwa gaban alƙali ya nemi a ɗauki wasansa a matsayin ɗariƙa ba.

Akwai kuma abin da bai kamata a cuɗa da wannan ba. Iskokin Hauka, waɗanda suka bayyana a yankin Filinge wajen 1925, kuma Jean Rouch ya ɗauki masu su a Akara cikin fim ɗinsa Les maîtres fous, suna kwaikwayon gwamna da kwamanda da soja, har wasu manazarta suka karanta abin a matsayin yi wa mulkin mallaka dariya. Ko da hakan ne, wanda iska ta hau ba wasa yake yi ba, kuma bai ɗauki iskar a matsayin ƙirƙirarsa ba. Addinin ba'a kuwa wanda ya ƙaga shi ya san ƙage ne, yana kuma son mai kallo ya sani.

Irin wannan ya riga 2005. Akwai «Discordians» na Greg Hill da Kerry Thornley, masu cewa suna bin gunkiyar rigima ta Girkawa, akwai cocin «SubGenius» na Teksas, akwai kuma mutum fiye da dubu 390 da suka rubuta «Jedi» a gurbin addini a ƙidayar Ingila da Wales ta 2001. A cikin waɗannan sunaye babu wanda aka gina a kan sunan wani addini mai rai. Namu ne aka gina haka, shi ya sa ya cancanci a tsaya a kansa.

2. Wasiƙar Kansas

Tsarin mulkin Amurka ya hana gwamnati ɗaukar wani addini ta mai da shi nata, kuma makarantun gwamnati suna ƙarƙashin wannan hani. A 1987 Kotun Ƙoli ta soke wata dokar jihar Luwiziyana wadda ta wajabta cewa duk inda aka koyar da ka'idar Darwin ta sauyawar halittu, sai a koyar da «kimiyyar halitta» ta masu bin Littafin Farawa tare da ita. Bayan wannan hukunci sai ra'ayin ya sake suna, ya koma «tsari mai hikima» (dessein intelligent), watau cewa rayayyun abubuwa sun fi ƙarfin a ce sun samu ba tare da mai tsarawa ba, amma ba a ambaci ko wane ne shi ba. Rashin ambaton nan shi ne dabarar da ake fatan za ta wuce da ra'ayin ta gaban alƙalai. Shi ne kuma ƙofar da mai ba'a ya shigo ta cikinta.

A 2005 hukumar ilimi ta jihar Kansas tana shirin gyara manhajar kimiyya ta yadda za a buɗe wa wannan ra'ayi hanya. Sai Bobby Henderson, saurayi ɗan shekara 24 da ya karanta fizik a jami'ar jihar Oregon, ya rubuta wa hukumar buɗaɗɗiyar wasiƙa mai cike da gatse. Ya yaba musu a kan son jin ra'ayoyi dabam-dabam, sa'an nan ya ce tun da ba a faɗi mai tsarawar ba, shi da mutanensa suna da nasu: wani dodo na taliya da ke yawo a sama. Ya nemi a raba lokacin aji gida uku, kashi ɗaya ga «tsari mai hikima», ɗaya ga dodonsa, ɗaya ga abin da hujjojin gani da ido suka nuna. Ya ce dole mai koyarwa ya sa tufafin ƴan fashin teku, ya kuma haɗa da wani zane mai nuna yawan ƴan fashin teku na raguwa, zafin duniya na ƙaruwa, don ya nuna yadda ake mai da haɗuwar abu biyu hujjar cewa ɗayan ne sanadin ɗayan. Da bai sami amsa ba ya sa wasiƙar a intanet, cikin ƴan watanni ta karaɗe duniya.

A watan Nuwamba 2005 hukumar ta amince da gyaran da ƙuri'a 6 da 4. A watan Disamba alƙali John Jones ya yanke hukunci a shari'ar garin Dover, jihar Pensilbaniya, cewa «tsari mai hikima» ba kimiyya ba ne. A watan Fabrairu 2007 sabuwar hukumar Kansas ta soke gyaran, nan ma da ƙuri'a 6 da 4. Ba wasiƙar ce ta jawo wannan ba, zaɓe ne ya sauya membobin hukumar.

(Mai son ƙirar kalma zai ji daɗin wani abu da ya fito ta dalilin shari'ar Dover. A cikin daftarin 1987 na littafin makaranta da ake jayayya a kansa, an bi ana goge «creationists» ana sa «design proponents», sai a wuri ɗaya gogewar ba ta cika ba, aka bar «cdesign proponentsists». Kalma ce cikin kalma da hannu ya ƙera ba da niyya ba, ta kuma tona asirin sauya sunan fiye da dogon bayani.)

Abin lura a gare mu shi ne, kalmar «Pastafarian» ba ta cikin wasiƙar. Henderson ya kira aƙidarsa «Flying Spaghetti Monsterism», suna mai tsawo da nauyi a baki, wanda kuma ba a iya cire sunan mabiyi daga gare shi cikin sauƙi. Kafin shekarar ta ƙare «Pastafarian» da «Pastafarianism» sun maye gurbinsa, kuma da su Henderson ya yi amfani a littafin da ya fitar a 2006.

3. Ƙirar kalmar

3.1. A zahiri lissafin mai sauƙi ne:

(1) pasta + Rastafarian > Pastafarian

Wannan shi ne abin da ake kira mot-valise, fassarar «portmanteau» da Lewis Carroll ya ba irin waɗannan kalmomi a 1871. Almuth Grésillon, a littafinta na 1984 mai suna La règle et le monstre (ga wani dodon kuma), ta jaddada muhimmancin yankin sautin da kalmomin biyu suka yi tarayya a kansa, domin shi ne ƙugiyar da ke riƙe su. A nan tarayyar ta kai matuƙa: «-asta» na kowa ne, baƙi ɗaya kawai aka sauya, /r/ ya koma /p/. Har ana iya tambaya ko mot-valise ce ta gaske ko kuwa wasa ne da kamannin sauti (paronomase). A ganinmu duka biyun ne, kuma ƙarfinta daga nan yake. Kunne yana jin tsohuwar kalmar gaba ɗayanta a ƙarƙashin sabuwar, kamar yadda mai sauraron ɗan kama yake jin waƙar asali a ƙarƙashin zancen tuwo. Sauran kalmomin ƙungiyar ma wannan hanya suka bi: ana rufe «addu'a» da «R'amen», daga «amen» da «ramen», taliyar Japan.

«Pasta» ba ta da wahala. Daga Italiyanci take, shi kuma daga Latin na baya-baya, inda take nufin ƙulli ko kwaɓi, shi kuma daga Girkanci. Ita ce ta ba Faransanci «pâte», hular da ke kan wasalin tana tuna da /s/ da ya faɗi. Wannan ya sa Bafaranshe ba zai iya ƙera kalmar daga cikin harshensa ba: «pâte» ba ta amsa amon «rasta». Dole ya ara, ya gyara mata ƙeya kawai.

3.2. Rabi na biyu shi ne mai tarihi. An haifi Tafari Makonnen a 1892 kusa da Harar. A 1916, da aka naɗa Zauditu sarauniya, ya zama mai riƙon mulki kuma magajin gado, da sarautar «Ras». Ranar 2 ga Nuwamba 1930 aka naɗa shi sarkin sarakunan Habasha da sunan Haile Selassie, watau «Ikon Triniti», sunansa na baftisma. «Ras» a Amharanci kai ne, daga nan ta zama sarauta, ƴar'uwar «ra's» ce ta Larabci, wadda ta ba da «ra'is». «Täfäri» kuwa daga aikatau «färra» take, «ya ji tsoro». Ɗafa-goshi «tä-» shi ke juya aikin ya koma kan mai shi: «täfärra», an ji tsoronsa. «Täfäri» ke nan wanda ake jin tsoronsa, ko a Hausa mai kyau, mai kwarjini. Yankan da ya dace shi ne:

(2) ras + tä-färi

Labarin naɗin ya isa Jamaika a lokacin da koyarwar Marcus Garvey ta riga ta juya idon talakawa baƙar fata zuwa Afirka. Masu wa'azi irin su Leonard Howell da Joseph Hibbert da Archibald Dunkley suka fara shelar cewa wannan sarki shi ne wanda littattafai suka yi alkawari. Abin mamaki, sunan da sarkin ya ajiye ranar naɗinsa shi suka ɗauka. Har 1955, lokacin da George Eaton Simpson ya wallafa nazarinsa a kansu, ana rubuta sunan kalma biyu, «Ras Tafari». A baki kuwa ya riga ya dunƙule, kuma ga wanda bai ji Amharanci ba babu abin da ke nuna inda iyaka take. Sai aka yanka bisa ga abin da ya yi wa harshen Ingilishi daɗi, gaɓa biyu a gaba:

(3) Rasta + fari

«Rasta» ke nan sarauta ce haɗe da guntun nahawun Amharanci, ɗafa-goshin da aka raba da aikataunsa. Ba ta nufin kome a Habasha. Waƙoƙin rege, musamman bayan faifan Bob Marley na 1976 mai suna Rastaman Vibration, su suka kai ta ko'ina, har garuruwanmu.

Kada a ɗauki wannan yanka a matsayin jahilci. Haka harsuna suke yi da kalmomin aro. Mu ma mun haɗiye «al-» ta Larabci a cikin liman da lahira da labari, mun haɗiye «l'» ta Faransanci a cikin lakwal. Ingilishi ya yanka «Hamburg-er» ya zama «ham-burger». Ƴan Rasta ma sun wuce nan, sun mai da sake yanka kalmomi ibada. Wasalin ƙarshe na «Rastafari» suna furta shi kamar «I», watau «ni», haka kuma lambar Romawa ta «Selassie I». Suna juya «oppress» ta koma «downpress», don a ganinsu zalunci ƙasa yake danna mutum, ba sama ba. Velma Pollard ta tattara wannan salo a littafinta Dread Talk na 1994. Kunnen Bahaushe shi ma ba ya rasa nasa yankan: yana jin «ta fari». Mai karatun Faransanci kuma sai ya kiyaye da wata «rasta» ta dabam, gajeriyar «rastaquouère» ta ƙarshen ƙarni na 19, wadda ba ta da dangantaka da wannan ko kaɗan.

In da an tsaya a kan (2), da gajeren sunan «Ras» ne ko «Tafari», kuma babu ɗayansu da ke kiran «pasta». Yankan (3) ne ya bar «-fari» da «-farian» a sake, suka zama guntun da ake iya liƙa wa wani kai, irin abin da Jean Tournier ya kira fracto-morphème. An riga an yi hakan a Ingila cikin shekarun 1990 da «trustafarian», ɗan masu kuɗi mai cin gado da ke shigar talauci don ado. Hanyar a share take kafin 2005.

3.3. Saura ɗafa-ƙeya. «-ian» ne aka ƙara wa «Rastafari», amma sakamakon ya faɗa cikin gidan «-arian», wanda a Ingilishi yake da ɗaki biyu: na ɗariƙu («Unitarian», «Trinitarian») da na masu zaɓen abinci («vegetarian», «fruitarian»). «Pastafarian» ta zauna a ɗakunan biyu lokaci guda. Mai ji bai san ko mabiyin aƙida ake nufi ba ko mai cin taliya, kuma wannan rashin sanin shi ne saƙon.

Sauran harsuna kowane ya bi tsarin da ya riga ya yi wa Rasta: Faransanci «pastafarisme» da «pastafarien», Italiyanci «pastafarianesimo» da «pastafariano», Jamusanci da Sifaniyanci «pastafari» ga mabiyi.

4. Masu rigar

Tarihin addinai cike yake da sunayen ba'a da suka zama na girma. A 1650 wani alƙali a Derby ya kira George Fox da mutanensa «Quakers», masu makyarkyata, suka riƙe sunan. «Methodist» ma tsokana ce ta ɗaliban Oxford. A irin wannan, na waje ne ke ba'a, na ciki kuma da gaske yake. A namu abin ya juya: na ciki ne ya raɗa wa kansa sunan dariya, sa'an nan ya nemi na waje ya ɗauke shi da gaske.

Ba ƴan Rasta aka nufa da ba'ar ba, hukumar Kansas aka nufa. An ɗauki sunansu ne don ya amsa amo, wataƙila kuma don a idon matasan Amurka na 2005 Rasta ado ne, kiɗa da gashi da hayaƙi, ba aƙida ba. Amma tarihin mutanen bai yi kama da ado ba. An ɗaure Howell a 1934 bisa laifin tunzura jama'a. Sansanin Pinnacle da ya kafa a 1940 ƴan sanda sun tarwatsa shi a 1954. A 1960 jami'ar da ke Mona ta yi bincike a kansu bisa roƙonsu, don a daina ɗaukarsu mahaukata ko ƴan ta'adda. Cikin mutum uku da suka rubuta rahoton, tare da Roy Augier da Rex Nettleford, akwai M. G. Smith, ɗan Jamaika, wanda muka fi sani da aikinsa a kan mulkin Zazzau da maƙalarsa ta 1967 a kan Maraɗi zamanin Ɗan Baskore. Rahoton bai hana abin da ya faru a Coral Gardens ba a watan Afrilu 1963, inda bayan wani rikici aka yi ta kamun ƴan Rasta, ana dukansu ana aske musu gashi. Sai a 2017 firaminista Andrew Holness ya nemi gafara a madadin gwamnati. Dokar da ta yarda musu da amfani da ganye a cikin ibada kuwa ta 2015 ce, shekara 85 bayan naɗin Addis Ababa.

Akwai kuma wani abu ƙarami da nahawu ya nuna. Ƴan Rasta da yawa sun ƙi kalmar «Rastafarianism», domin a wurinsu duk wani «-ism» kayan Babila ne, mai raba kan mutane. «Pastafarianism» an gina ta ne daidai a kan siffar da masu sunan suka ƙi.

5. Kalmar a gaban alƙali

Da ƙungiyar ta bazu, sai mabiyanta suka mai da gwagwa, watau kwanon nan mai huji-huji da ake tsane taliya, hular ibada. Dalilin a fili yake: ƙasashe da yawa sun hana rufe kai a hoton takardun hukuma sai don addini. A 2011 Niko Alm ya sami takardar izinin tuƙi a Ostiriya da gwagwa a kansa, ko da yake hukuma ta ce ba don addini ta yarda ba, don fuskarsa ta fito sarai ne. A ƙarshen 2015 Niyu Zilan ta ba ƙungiyar izinin ɗaura aure, aka yi na farko a Akaroa a watan Afrilu 2016, mai ɗaurawar kuma ana kiranta «ministeroni».

Wasu kotuna sun ƙi. A watan Afrilu 2016 alƙali John Gerrard na Nebraska ya kori ƙarar wani ɗan kurkuku, ya ce abin ba'a ne da aka shirya don kafa hujja a muhawarar kimiyya da makaranta, ba addini ba ne. A 2018 babbar majalisar shari'ar mulki ta Holand (Conseil d'État) ta hana wata ɗaliba hoto da gwagwa, a 2021 kuma Kotun Turai ta haƙƙin ɗan Adam da ke Strasbourg ta ƙi karɓar ƙararta. Ma'aunin kotun tun 1982 shi ne aƙida ta kai wani mataki na ƙarfin hujja, da gaske, da haɗin kai, da muhimmanci. A kan «da gaske» aka fi kayar da su.

Abin da ya shafe mu shi ne, sunan da kansa shaida ne a kan masu shi. Wanda ya zo yana cewa da gaske yake, alhali sunan aƙidarsa wasan kalma ne da kowa ke ji, ya zo da mai ƙaryata shi a bakinsa. Masu goyon bayansu na cewa wannan shi ne abin da ake son nunawa: wa ya ba hukuma ma'aunin gaskiyar zuciya? Tambayar tana da nauyi. Sai dai mun lura cewa wanda ya fi shan wahalar wannan ma'auni a tarihi ba mai gwagwa ba ne, mai gashin da aka aske ne a 1963.

6. Yaya za a ce da Hausa?

Ɗan jarida ko mai ƙamus da ya gamu da kalmar yana da hanya uku. Ta farko aro. Hausa ba ta bambanta /p/ da /f/, don haka za a sami «Fastafari», a bakin Gobirawa da Adarawa kuma «Hwastahwari». Nan take matsala ta taso: «fasta» ba ta tuna wa Bahaushe da abinci, «fasto» take tuna masa. Mai ji zai zaci wata ɗariƙar Kirista ce, ba'ar ta sauka a kan wanda ba a nufa ba. Wajen sunan mabiyi, tsarin «Ba-…-e» da «-awa» (Batijjane, Tijjanawa, Bamaguje, Maguzawa) zai ba da «Bafastafare», wanda ya yi nauyi, ya kuma ba abin tsufan da ba shi da shi. Tsarin «ɗan» da «ƴan», kamar na ɗan bori da ɗan Izala, ya fi dacewa da sabon abu.

Ta biyu fassara: «ƴan taliya». Ma'anar abincin ta fito, amma Rasta ta ɓace, kuma za a zaci masu sayarwa ne a tasha.

Ta uku a sake ƙera wasan daga cikin Hausa. «Taliya», wadda galibi ake ɗauka daga sunan Italiya take da aka yar da wasalin farko, ta fara da «ta-», kamar Tafari. Sai a sami:

(4) Ras + taliya > Rastaliya

Kalmar tana da daɗin faɗi, tana karɓar «ƴan Rastaliya» da «Rastaliyanci» ba tare da tilas ba, kuma abin dariya, ta fi ta Ingilishin girmama nahawun Amharanci, tun da ta bar «Ras» a matsayin sarauta. Duk da haka ba mu ba da shawarar a sa ta a ƙamus ba. Ta Ingilishin ta goge «Rasta» ta bar inuwarta, wannan kuwa ta bar «Rasta» ɗungurungum a gaba, ta yadda mai ji a Maraɗi ko Yamai zai ɗauka ƴan Rasta ake yi wa dariya. Aikin mai ƙamus kuma ba ƙara wa ba'a kaifi ba ne.

Muna ganin a rubuta «Fastafari», ɗan Fastafari, ƴar Fastafari, ƴan Fastafari, tare da bayanin cewa daga «pasta», taliya, aka samo ta, kuma ƙungiya ce da aka kafa a Amurka a 2005 don yi wa koyar da «tsari mai hikima» ba'a, wadda wasu mabiyanta ke neman a ɗauke ta addini. A ƙarƙashin «Rastafari» kuwa a rubuta tushen Amharancin da yankansa na daidai, «ras» da «täfäri», kada a sa alamar «duba Fastafari».